Gyartai a Baje-Kolin Kwamanda

Ni na sa sunan babana a takardar nan, babu wanda ya aike ni. A lokacin ina buga takardu a buro, wato ofishin kwamanda mai mulkin yanki, a Filinge, zamanin soja, ina ji da kaina kamar ni na kawo boko ƙasar Kurfai. Kwamanda ya ce yana son a yi baje-kolin sana'o'in hannu ranar Lahadi, ranar kasuwa, a filin da ke gaban buro. Manya suka zauna suna lissafo masu sana'a, ni kuma ina bugawa a mashin ɗin rubutu: maƙeran Buzaye daga Bonkuku, masaƙa, dukawa, mata masu tabarmi da fayafai, masu ginin tukwane. Da suka gama sai bakina ya suɓuce, na ce, "To gyartai fa?"

Wani abokin aikina ya ƙyalƙyale da dariya har da riƙe ciki. Ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa jin an baje kolin faci ba. Ya san sarai babana gyartai ne, kuma ɗinkin ƙwarya ne ya ciyar da ni har na hau kujerar da yake ganina a kai. Na jira suka fita, na mayar da takardar cikin mashin, na ƙara layi ɗaya a ƙasa. Kwamanda ya sa hannu bai ko duba ba. A wancan zamani abin da kwamanda ya sa wa hannu ya zauna ke nan. Wanda aka rubuta sunansa zai zo ko da a kan jaki za a ɗauko shi, kuma za a kira sunan a lasifika gari duka yana ji.

Ranar Juma'a bayan la'asar na sami Baba a ƙofar gida yana tsaga kaba. Na durƙusa na ce an sa shi cikin masu baje koli jibi.

"Wa yas sa ni?"

"Buro," na ce, ina kallon ƙasa.

"To, madalla da buro. Mi za ni ɗorawa bisa tabarmar?"

"Aikinka mana, Baba."

"Ɗiyata, aikina yana gidajen mutane. Maƙeri shi ƙera shi aje, masaƙi shi saƙa shi naɗe. Ni wadda anka kawo mani da sahe, da marece mai ita ta zo ta ɗauki abinta. Ko guda ba ta kwana nan."

Wallahi wannan bai taɓa zuwa mini a rai ba. Amma ni ba mai yarda an gan ni a ƙasa ba ce. Na ce ai wannan ƙaramin abu ne, gobe Asabar, zan bi gida-gida in aro masa ƙoran da ya ɗinka har sai tabarmar ta rasa wurin zama.

Asabar a gidanmu sunanta ne kawai ranar hutu. Wankin mako duka a kaina yake, nawa da na Inna da na Baba. Ga ɗibar ruwa a pampo, ga kai hatsi inji, ga sayen kananzir da gishiri, ga kitso, ga guga da gawayi. Na tashi tun da asuba na sa kaya a ruwa, na cuɗa su sama-sama, na shanya a igiya suna ɗiga. Inna tana zaune tana tsince wake, ta dubi rigar Baba da na shanya, ta dube ni. Na kwance rigar na sake wanke wuyan.

Na ɗora hatsi a ka, na fara da maƙwabciyarmu, matar wani mai fataucin dabbobi zuwa Baleyara. Tana da wani ƙaton masaki da Baba ya ɗinka mata sau biyu. Muka gaisa, muka tambayi yara da gajiya, sannan na faɗi abin da ya kawo ni. Ta dafe ƙirji.

"Ke ɗiyag ga, so kike ki kashe ni da raina? Wace macce ta garin ga ba ta san masakina ba? Duk suna, duk biki, da shi nika zuwa, ina juya ɗinkin wajen bango. In anka gane shi gaban kwamanda da ɗinki waje, kahin azahar an ce maigida ya karye."

Ta shiga ɗaki ta fito mini da sabuwar ƙwarya fil, ko ruwa ba ta taɓa gani ba, ta ce in kai wannan, ta fi kyau. Na yi godiya na bar mata abinta.

Na ajiye hatsin a layin inji, na leƙa wurin mai fura da ke kusa. Ita kam kunya ba ta cikin kayan sana'arta. Ta jawo ƙoranta ɗaya bayan ɗaya tana nuna mini, tana cewa hannun babana ba shi da na biyu daga nan har Yamai. Na ji daɗi, har na fara warware mayafi don in ɗaure su.

"Tsaya, tsaya. Gobe kinka ce? Lahadi? Ranar kasuwa in ba ki ƙoraina, in dama hura cikin tahin hannu? Ki ce ma kwamanda shi maida abin nai Talata, in kawo su da kaina."

Kafin in koma inji an wuce layina, kwanon hatsina yana can gefe kaji suna yi masa zagaye. Na sauke haushin duka a kan mai inji, shi kuma ya nuna kunnensa ya nuna injin, wai ba ya ji.

Wurin kitso ne na fi sa rai, don nan matan unguwa suke taruwa ranar Asabar. Kaina yana kan gwiwar mai kitso, wuyana a murɗe, na yi musu bayani tiryan-tiryan. Sai wannan ta ce tata ta daɗe da mutuwa, waccan ta ce ta aika wa ƙanwarta ƙauye. Wata da na gani da idona makon jiya ta kawo wa Baba ƙoƙo a ɓoye cikin zane ta rantse ita ba ta taɓa fasa ko ludayi ba. Na ɗago zan amsa mata, mai kitso ta danna kaina ƙasa ta ce in zauna lafiya, layi zai karkace.

Da rana ta yi sanyi na tafi bakin gari, wurin wata tsohuwa mai kiɗan ƙwarya a wasan bori. Ƙoranta suna shan duka, don haka Baba ya san hanyar gidanta. Ta saurare ni har na gama, ta ba ni ruwa na sha.

"Da tawa ce da na ba ki, ɗiyata. Amma tana da masu ita. In na ba ki aro sunka tambaya, ke za ki zo ki ba su haƙuri?"

Duk bokona ban ce mata i ba.

Na dawo gida da gari a ka, kananzir a hannu, kitso sabo, ƙwarya ko ɗaya babu. Gishirin ma na manta. Ina shiga sai wata dabara ta faɗo mini, har na yi mamakin wautata. Gidan gyartai guda, a ce sai an je aro? Na ce, "Inna, hiddo namu na gida kawai."

"Namu waɗanne?"

Sai na tuna. Shekarar da na fara ɗaukar albashi na cika gidan da kwanonin samira da robobi masu launi. Na tattara duk wata ƙwarya mai ɗinki, wasu na ba dangi ƴan ƙauye, wasu na jefa bayan gida, ina cewa ai yanzu gidan ma'aikaciya ne. Baba yana zaune ranar, yana kallo ina fita da su.

"Ke kinka hwara jin kunyarsu," in ji Inna, "tun kahin matan gari." Ta ci gaba da hura wutarta.

Maganar ta shige ni sosai. Na zuba gawayi a dutsen guga, na goge rigar Baba, ina goga ina share hanci. Da na kai masa na gaya masa gaskiya, cewa ba buro ba ne, ni ce. Na ce zan je da sassafe in ce ba ya jin daɗi.

"Lahiyata lau," ya ce. "Ba ni yi ma kaina mugun baki. An kira sunana, za ni tahi."

Ranar Lahadi fili ya cika tun da hantsi. An kafa rumfunan zana, kowace da takarda mai suna, bugun hannuna. Ta Baba ce ta ƙarshe, kusa da wani maƙerin Buzu da ya jera zobba da ƴan kunne na azurfa suna ɗaukar ido. Baba ya shimfiɗa tabarmarsa, ya ajiye basilla, da ƴar wuƙa, da gwangwanin ruwa mai jiƙaƙƙiyar kaba. Shi ke nan. Ya naɗe ƙafa ya zauna cikin gogaggiyar riga, gabansa wayam.

Ƴan kasuwa suna wucewa suna zolaya. "Gyartai, har ka saida kayan duka? Kai, ka yi goshi!" Yana dariya tare da su, amma na ga yadda yake ta gyara zaman basillar nan, ya matsar da ita nan, ya mayar da ita can. Abokin aikin nawa ya zo ya tsaya, ya karanta takardar a hankali kamar bai san sunan ba, ya dube ni, ya wuce. Can ɗaya gefen lasifika ta fara kiran sunaye, kwamanda da gardawansa masu tsaro suna bi rumfa-rumfa. Na tsaya a bayan Baba ina jin da ma ƙasa ta tsage in shige. Ban taɓa tsanar bakina kamar ranar ba.

Saura rumfa huɗu su iso sai ga Inna tana ratsa mutane. Inna da ta yi shekaru ba ta taka kasuwa ba. Tana rungume da wani abu a naɗe cikin zane. Ta durƙusa gaban tabarmar ta kwance. Ƙwaryar aurenta ce, wadda mahaifiyarta ta zana mata da wuta ta ba ta ranar da za a kawo ta daga ƙauye. A ragaya take rataye a ƙuryar ɗakinta tun kafin a haife ni, ko taɓa ta ba a barinmu mu yi. Mai ba ta ta daɗe da rasuwa, ita kuwa ƙwaryar ko ƙwarzane babu.

Inna ta kifa ta a ƙasa, ta ɗora gwiwa, ta danna. Na ji ƙarar har cikin haƙorana. Tsaga ta tashi daga baki ta gangara kusan gindi.

"Malam, ga aiki na kawo," ta ce. "A yi mani da kyau."

Baba ya daɗe yana kallon ƙwaryar. Ya ɗauke ta, ya juya, ya bi tsagar da ɗan yatsa. Sannan ya ɗauki basilla. Ya jera ƙananan huji gefe da gefe, ya kwantar da siririyar kaba a kan tsagar, ya shiga ɗinkewa yana ja yana matsewa, yana kauce wa zanen wutar don kada ya huda shi. Mutane suka fara tsayawa. Masu zolaya suka yi shiru, maƙerin Buzu ya bar azurfarsa ya leƙo. Mai fura ta taso daga inda take tana gaya wa duk mai kunne cewa ita ƙoranta duka shi ya ɗinka.

Lasifika ta kira sunan Baba, bai ɗago ba. Wani gardi ya matso zai taɓa shi don ya miƙe, kwamanda ya ɗaga masa hannu. Kwamandan ya tsaya yana kallo na ɗan lokaci, hannuwa a baya, sannan ya juya. Takardar yabo maƙerin Buzu aka ba, kuma ya cancanta. An yi wasu baje-kolin bayan soja sun bar mulki, na je da yawa, ban ƙara ganin an kira gyartai ba.

Da Baba ya gama ya datse bakin kabar, ya karɓi buta a hannun wani, ya cika ƙwaryar da ruwa, ya ɗaga ta sama. Jama'a suka sunkuya suna leƙen gindinta. Ko ɗigo babu. Aka yi ta madalla, aka fara watsewa.

Ya zubar da ruwan, ya goge ta da hannun rigar da na sha wahalar gogewa, ya miƙa wa Inna da hannu biyu. Ya yi magana ƙasa-ƙasa, ni kaɗai na ji don ina tsaye a bayansa.

"Da kin bar su sun yi mani dariya. Da ya hi mani sauƙi."

Inna ta shimfiɗa zanenta, ta ɗora ƙwaryar, ta ɗaure bakin sau biyu.

"Kai ya hi ma sauƙi," ta ce. "Ni hwa?"