Dangwalen Malam Sada

Cikin shekarun da na yi ina masinjan kotu a Katsina, akwai wata Talata da har yau ba ta fita raina ba.

Wani mai sayar da kayan gini ne ya yi ƙarar wani Lawal. Lawal ya karɓi siminti da kwano bashi, ya ba da takardar gidan mahaifinsa jingina, ya tafi Kudu, wayarsa ta daina shiga. Alƙali ya yanke cewa in wa'adi ya cika ba a biya ba, a yi gwanjon gidan. A ƙa'idarmu, wa'adi ba ya fara aiki sai mai gida ya dangwala hannu cewa takarda ta iso shi. Rajistaran kotu ya miƙo mini takardar ya ce, "Ka kai ta unguwar Ƙofar Marusa, ka dawo yau."

Na tarar da mahaifin, Malam Sada, shi kaɗai a zaure. Matarsa ta rasu, ɗakunan da Lawal ya fara ginawa ko ƙofa babu. Ya shimfiɗa mini tabarma, muka gaisa, ya tambayi iyalina ɗaya bayan ɗaya kamar ya san su. Da na karanta masa takardar sai ya ce, "Yaro, ban gane ba. Ka dawo gobe ka ƙara mani bayani."

Na dawo, na kuma dawowa. Kullum sai na iske ruwa a kwanon sha da goro a gefen tabarma. Na ɗauka dabarar jan lokaci ce, don mun saba ganin irinta, har na fara jin haushinsa. Rajistara kuwa ya ce in na sake komowa ba dangwale, in rubuta dalili.

A zuwa na biyar, ranar Talatar, na ɗaure fuska. Na ce, "Baba, aikina kake so in rasa?"

Sai ya miƙo yatsa da kansa, ya dangwala.

"Tun ranar farko na gane," in ji shi. "To yanzu shi ke nan, ba ka sake zuwa?"

Kunya ta kama ni. Na ce zan riƙa leƙowa, aiki ya hana. Ranar da na koma, gidan yana hannun wani, maƙwabta sun ce an kai shi ƙauye.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata: in kun kai takarda, ku zauna tukuna. Wani ku kaɗai ne za ku yi masa sallama a makon nan.