Sheƙar da Na Bari a Indararo

Ranar wata Laraba ce a tsakiyar marka, shekarar da nake aji huɗu na firamare, na tsinci kaina a saman zauren gidanmu ruwa yana dukana, hannuna har kafaɗa a cikin indararo, ina kokawa da abin da ni da kaina na bari a ciki. Ruwan da ya kwanta a rufin ya kawo mini idon sawu. Daga ƙasa kakana, Baba Tsoho, ya ɗaga kai yana kiran sunana, ni kuwa kuka nake yi, don na san idan zauren nan ya faɗi ni ce na kayar da shi.

Kakan kakana ne ya gina zauren da tubali da azara, a ƙauyenmu da ke ƙasar Bungudu. Bakan gizo biyu na gini, masu ɗauke da rufin, su ne suka haɗu a tsakiyarsa, aka liƙa wata tsohuwar tasa a mahaɗarsu. Baƙin da suke zuwa kallon dutsen Kwatarkwashi sukan ratso su gan shi, galibi ɗalibai daga Gusau da malamansu. Mu yara dariya abin yake ba mu, wai mutum ya ci ado, ya shigo mota, don ya zo ya kalli inda muke carafke kuma awakinmu suke fakewa. Baba Tsoho kuwa ranar baƙi ba ya ko tari. Yakan miƙe daga buzunsa ya dafa bango yana bayani, sai ka ce shi ya cuɗa ƙasar.

Kowace bazara akwai aikin yaɓe. Mata su jiƙa makuba, maza su cuɗa ƙasa da ita su shafe bango da rufi. Aikin ƙarshe shi ne share indararo, kuma yaron da ya fi kowa rashin nauyi ake turawa, saboda azarar ta tsufa. A shekarar nan ni ce, don a lokacin iska mai ƙarfi ma tana iya tafiya da ni. Na share uku tsaf. A na huɗu, na gabas, sai na tarar da sheƙar kurciya da ƙwai biyu, da ɗuminsu. Na kasa taɓawa. Na ce bari su ƙyanƙyashe, in dawo. Da na sauko Baba Tsoho ya ce, "Kin share su duka?" Na ce duka.

Daga nan shuka ta zo, ga kai abinci gona, ga makaranta, ga gaɗa da yamma. Kurciya ta yi 'ya'yanta ta tashi, ni kuma na manta sarai. Ruwan farko bai tona mini asiri ba, sai da marka ta sauka kwana uku ba ɗaukewa. Da hantsin na ukun ruwa ya fara ɗiga daga tasar nan ta tsakiya, ja, haɗe da ƙasa.

Ban taɓa ganin tsoro a fuskar kakana ba sai ranar. Kawu Sani, ƙanen babana, ya ɗauko tsani zai hau, Baba Tsoho ya riƙe masa riga. "In ka taka shi, da kai da rufin za ku sabko tare," in ji shi. Maza suka shiga ciki da gumagumai suna tokare azara, ƙasa tana zubo musu a ka. Babu wanda ya ce in hau. Ni na kama tsanin, don ni kaɗai na san indararon da ya toshe.

Sheƙar ta tare ganye da laka ta cushe tam. Na ja, ta ƙi. Na sa farce har ya fashe. Ina jin rufin yana laushi a ƙarƙashin gwiwata kamar tuwon da bai huce ba, ina ta salati ina cewa Allah ka tsayar da shi ko zuwa azahar. Can cushen ya zame, ruwa ya yi tsalle ya zuba a kan Kawu Sani. Zauren ya tsaya, amma kusurwar gabas ta ɗan zauna, tsaga ta sauko har rabin bango.

Na sauko ina rawar sanyi, na faɗi gaskiya, na jira bulala. Baba Tsoho ya daɗe yana kallon tsagar. Sannan ya ce, "Ke ɗiyag ga, kin kusa kashe ni. Amma kin hau. Ginin ga, muddin akwai mai hawa, ba ya faɗuwa." Daga shekarar har na yi nauyi, ba a ƙara tura kowa ba sai ni.

Yau damina uku ke nan da 'yan bindiga suka tashe mu. Baba Tsoho ya rasu kafin haka, kuma ina gode wa Allah da bai gani ba. Muna Gusau a ɗakin haya mai rufin kwano. A ƙauyen kuwa babu baƙon da ke ratsewa, babu mai jiƙa makuba. Na sha zuwa tasha ina roƙon direbobi, ko akwai wanda zai leƙa ya gaya mini zauren yana tsaye, kowa sai ya kau da kai ya ce hanyar ba ta biyuwa. Duk sanda hadari ya taso daga gabas sai in fito ƙofa in tsaya ina kallonsa, don na san yadda indararo yake cika a shekara guda, balle uku.

Ina da 'ya mai shekara tara, siririya kamar yadda nake a da, kuma na koya mata yadda ake zura hannu a zaro cushe. Mai hawa tana nan, hanyar ce babu.