Taku Ɗari Huɗu Zuwa Ƙofar Wurin Wasa

Kamaruzaman bin Yeop, wanda mutanen unguwarsu a Taiping ke kira Pak Zaman, ya yi shekara talatin da huɗu yana aikin safiyo a Perak, kuma bai taɓa matsar da dutsen iyaka ko da faɗin yatsa ba. An roƙe shi, an haɗa shi da ƙanen mahaifiyarsa, an kawo masa 'ya'yan itacen durian har gida. Yakan karɓi durian ɗin saboda ladabi, ya bar dutsen inda yake. Da ya yi ritaya ya mayar wa ofis da kayan aiki, amma tef ɗin awo shi ya saya da kansa, don haka ya ci gaba da zama a aljihunsa. Ya san taku nawa ne daga ƙofarsa zuwa masallacin unguwa. Ya kuma san dawowa ta fi tafiya da taku shida, saboda yakan ratse ya gaida mai kofi.

Matarsa Halijah, wadda kowa ke kira Opah, wato kaka, tun da aka yi musu jika, ta daɗe tana cewa mutumin nan ko kabarinsa sai ya tashi ya auna. Shekara biyu ke nan da ta daina faɗin haka. Ɗansu ɗaya ne, Fadzli, kuma ya rasu a kan babur a hanyar Kamunting, wata Talata da aka yi ruwan la'asar kamar kullum. Ya bar mata, Suhaila, nas a asibiti, da 'ya mai wata biyar, Damia.

Suhaila ta ci gaba da zama a gidan. Idan ta tafi aiki, yarinyar tana hannun kakanninta, kuma barcin ranarta aikin Pak Zaman ne. A buai take yinsa: zanen batik da aka rataye da sifirin a jikin wata ƙugiya, ƙugiyar kuma tana ɗaure a katakon rufin falo tun lokacin da Fadzli ke cikin zanen. Pak Zaman yakan ja zanen ƙasa da yatsa biyu ya saki, sau arba'in zuwa hamsin, shi ke nan yarinya ta tafi. A gado kuwa ba ta taɓa yin barcin rana ba. An gwada sau biyu, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko lafiya.

Wata rana bayan cin abinci Suhaila ta ajiye cokali ta ce an yi mata canjin wurin aiki zuwa Kajang, kusa da iyayenta, ƙarshen wata mai zuwa.

"Gidan renon da zan sa ta ba su da buai, Abah," ta ce wa surukin nata. "Kuma ta girme shi. Ƙafafunta ma a waje suke reto. Kafin mu tafi ina so mu kai ta wurin wasan yara na Taman Kelip-Kelip, mu huɗu, kwana biyu. Abah ya zaɓa mana otal, tunda shi ne mai haƙurin dubawa. Amma don Allah kada a ɗauki buai. A can za mu gwada gado."

Pak Zaman ya ce to. Abin da yake so ya sani guda ne: idan sun tafi, za a riƙa kawo yarinyar, ko kuwa sai dai a gan ta da Salla, sanye da sababbin kaya, tana ɓuya a bayan uwarta? Da Fadzli na nan, magana ce ta minti ɗaya. Amma surukin da ɗansa ya rasu ba shi da ta inda zai fara. Don haka bai tambaya ba, ya zauna ya yi tsari.

Tsarin mai sauƙi ne. A otal za a kwantar da Damia a gado, ta tada hankalin bene guda. Idan kowa ya gaji, shi kuma ya zaro buai daga ƙasan jaka ya rataya, yarinya ta yi barci. A nan Suhaila za ta gani da idonta cewa akwai abin da ba a raba yarinyar nan da shi a wata ɗaya, kuma abin yana Taiping. Buƙatarsa kawai ɗaki mai wurin ɗaura ƙugiya.

Ranar Alhamis ya hau bas ya tafi duba otal-otal ɗin wurin wasan, su uku.

Na farko yana manne da ƙofar shiga, taku sittin da biyu. Wata dattijuwa mai suna Puan Letchumi ta zagaya da shi. Ta nuna masa gadon yara mai shinge, da tulun dafa kwalbar madara, da wurin ninkaya wanda ruwansa bai wuce gwiwa ba. Ta ce da safe akwai kunun shinkafa na yara, kuma wani mutum cikin rigar ƙwaro mai wuta a wutsiya yana zagaya tebura yana gaisuwa. Duk abin da uwa mai hankali za ta nema yana nan. Pak Zaman kuwa sama yake kallo. Ya ɗaga lemarsa ya ƙwanƙwasa silin.

"Pak Cik, yoyo kake nema? Ba mu da shi."

"Mene ne a bayan farantin nan?"

"Ɗakin wani baƙo."

"Idan mutum ya so ya ɗaura 'yar ƙugiya..."

"Buai ko?" Ta naɗe hannu a ƙirji. "Kai ne na uku a watan nan, kuma dukkanku kakanni. Ba a huda mana silin. Ka sayi mai ƙafafun ƙarfe mana, ga su nan a kasuwa."

"Ba ya shiga jaka."

"Au, a ɓoye za a kawo shi?" Ta yi dariya har da dafa ƙofa. "Surukarka ta hana ke nan. Allah Ya ba da sa'a, Pak Cik."

Na biyu bene ne mai hawa goma sha takwas, silin ɗinsa zanen taurari, ko ƙusa ba zai riƙe ba. Bai yi minti goma a ciki ba.

Na uku ba a ma sa shi a kan allon ƙofa ba. Wasu ɗakunan katako ne guda takwas da suka riga wurin wasan zuwa, can bayan filin ajiye motoci, a kan tudu. Ba wurin ninkaya, ba gadon yara, ba mutum mai rigar ƙwaro. Akwai fanka, akwai sauro, akwai wani tsoho, Towkay Teoh, da ke ba da makulli ba tare da ya cire ido daga jarida ba. A ɗaki na biyar Pak Zaman ya ɗaga kai ya ga katakon cengal mai kaurin cinyar mutum ya ratsa rufin daga bango zuwa bango. Ya hau kujera ya kama shi da hannu biyu, ya ɗage ƙafafunsa. Ko motsi katakon bai yi ba.

Sannan ya taka daga ɗakin zuwa ƙofar wurin wasa, ya dawo, ya sake, kamar yadda aiki ya koya masa. Taku dubu ɗaya da ɗari da arba'in. Kashi ɗaya cikin uku hawa ne, ƙarshensa tsakuwa, kuma babu inuwa ko ta itace ɗaya.

A gida ya yabi iskar wurin da rashin hayaniya. Suhaila tana cire wa Damia ƙayar kifi ta ce, "Nisa fa, Abah?"

"Taku ɗari huɗu."

Opah ta dube shi ta saman tabarau. Sai da Suhaila ta shiga yi wa yarinya wanka sannan Opah ta ce wa mijin nata, "Abang, ɗari huɗu?"

"Ɗari huɗu ne zuwa inda ake fara hango ƙofar."

"Shekara talatin da huɗu ana kawo maka durian ka ƙi, yau ka matsar da otal guda kyauta."

Ya tashi ya shiga ɗaki. Ya naɗe sifirin da ƙugiya ta aro cikin zanen, ya cusa a ƙasan jaka, ya danne da sallaya.

Sun isa ranar Asabar da safe, suka bar kaya a mota suka shiga wurin wasa kai tsaye. Damia ta ga mutum mai rigar ƙwaro ta ƙwala ihu. Dokin da ke juyawa ta ƙi hawa. Jirgin ruwan yara kuma sai mai tsawon santimita casa'in, ita tamanin da shida ce. Pak Zaman ya auna da tef ɗinsa ya tabbatar wa mai tsaron ƙofa cewa allonsu daidai yake, abin da ba wanda ya tambaye shi. Abin da ya burge yarinyar a duk faɗin wurin shi ne layin tururuwa a gefen kwata, kusa da rumfar ayaba soyayya. Minti arba'in ta yi a tsugune, manya uku na tsaye a kanta da lema.

Ƙarfe ɗaya ta fara murza ido. Ɗaya da kwata ta jefar da takalmi ta fara kukan da ya sani, mai hawa daki-daki. Pak Zaman ya ji wani daɗi ya taso masa, ya kuma ji kunyar daɗin, amma bai hana shi ji ba.

Aka sa ta a keken tura yara aka kama hanya. Rana ta buɗe sosai. A taku na ɗari uku Damia tana dukan keken da ƙafa. A na ɗari huɗu Suhaila ta tsaya ta waiga hagu da dama, ba komai sai motoci, ta dubi agogon hannunta. A nan ya ɗauko jakarsa daga mota ya rataya a kafaɗa. A gindin tudu ya karɓi turin. Rigarsa ta manne da bayansa. Opah na biye tana ambaton Allah da ƙarfin da zai ji. Wajen taku na ɗari takwas kukan ya koma ƙananan shessheƙa. Da suka hau tsakuwa keken ya shiga rawa, sama ƙasa, sama ƙasa, ya ji ta a tafin hannunsa, ya gane irin ta buai ce, ya yi ƙoƙarin rage sauri. Ya makara. Kafin Towkay Teoh ya miƙo makulli kan yarinyar ya langaɓe.

Suhaila ta ɗauke ta ta shimfiɗa a tsakiyar babban gado, ta tare gefe da matashi. Pak Zaman ya tsaya da jaka a hannu yana jiran ta farka. Damia ta juya, ta sa babban yatsa a baki, ta miƙe ƙafafu yadda zanen bai taɓa barinta ta miƙe ba.

Ya zauna a kujera, katakon na saman kansa, jakar na kan cinyarsa. Minti ashirin. Arba'in. Aka fara ruwa, ya buga kwanon rufi da ƙarfi, ko gezau ba ta yi ba.

A baranda Opah ta kwance ƙunshin shinkafa da kaza. Suhaila ta kira shi ya fito. Sai da ya ci loma biyu ta juyo masa da fuskar agogonta, irin mai ƙirga taku.

"Dubu ɗaya da ɗari uku da ashirin, Abah."

"Dubu ɗaya da ɗari da arba'in," ya ce, kafin ya kama bakinsa. "Takunki gajere ne."

Opah ta ƙware, sai da ta sha ruwa.

"Sifirin ɗin kuma tun daga Taiping yake ƙara a bayan mota," in ji Suhaila. "Duk ramin da muka faɗa sai ya amsa." Ba ta yi dariya ba. "Abah, me kake so ka tambaye ni?"

Ya dubi ruwan da ke zuba daga bakin kwano. Ya gyara zaman ƙunshin shinkafar a gabansa. Da ya yi magana, muryar ta fito ƙarama.

"Za ki riƙa kawo ta?"

"Satin farko na kowane wata. Na riga na daidaita da shugabar sashenmu, ni zan kawo ta a jirgin ƙasa in dawo in ɗauke ta. Ai na faɗa wa Opah, yau sati uku."

Ya juya wajen Opah. "Kin sani?"

"Na sani."

"Kika bar ni na hau bas, na hau kujerar mutane..."

"Ka tambaye ni ne?" Ta tura masa cinyar kaza. "Kuma ina so in ga ka yi ƙarya sau ɗaya kafin in mutu. Ba ka iya ba, Abang. Kunnenka har ja ya yi."

Suhaila ta jira suka gama. "Har ta shiga makaranta ne, Abah. Bayan nan ban sani ba, kuma ba zan yi maka alkawarin abin da ban sani ba. Sannan a gado za ta riƙa kwanciya."

"Ƙugiyar falo fa?"

"A bar ta inda take. Ba ni na ɗaura ta ba."

Ya ce to. Sai ya wanke hannu, ya shiga ɗaki a hankali ya rage ƙarfin fanka, don iskar na kaɗa wa yarinyar gashi a fuska.