Kan da Ya Ƙi Sunkuyawa a Mina

Har in koma ga Allah ba zan manta da ranar da aka kawo mini wani Ba'amurke aski a Mina ba. A farkon shekarun 1950 ne, lokacin da Hajji ke faɗowa tsakiyar zafi, ina saurayi, ban daɗe da karɓar zabirar mahaifina ba. Ku da kuke aski da injin lantarki a kan kujera mai juyawa, ku kasa kunne, don ba haka muka taras da sana'ar nan ba.

Ga yadda aikin yake a wancan zamani. Ranar goma ga Zulhajji, alhaji ya taso daga Muzdalifa, ya yi jifa, ya yi yanka, sai ya nemo mu. Sai an aske masa kai ko an rage gashin kafin ya cire harami ya sa kayan gida. Shehin wanzamai, wani dattijo Basakkwace da muke kira Baba Sanda, shi ke raba mana wurin zama, kowa da tabarmarsa da kwanon ruwa da sabulu da aska. Mu Hausawa kuma muna da namu salon: ka tsuguna gaban mutum gwiwa da gwiwa, ka dafa ƙeyarsa, ka sunkuyo da kan zuwa gare ka, ka fara daga dama. Ba a tsayawa bayan mutum da aska, dole ya ga hannun da ke riƙe da ita. Haka ubana ya koya mini, haka nasa uban ya yi a Kano.

Da hantsi sai ga Baba Sanda da mutum biyu. Na gaban Malam Idi ne, wanda ya zo ta Sudan, ya yi aikin jirgin ruwa har ya iya Turanci, muɗawwifi mai yi wa alhazai jagora ya ɗauke shi tafinta. Na bayansa shi ne Ba'amurken, baƙi ne kamar mu, ƙato, wuyansa kamar turmi, sumarsa ta cika kai ta fara furfura. Sunansa na Musulunci Abdurrahim.

Baba Sanda ya ce, "Haruna, ga alhaji. Wanzamai biyu sun gwada tun safe sun kasa. Na biyun yana can ana gasa masa haƙarƙari."

Na ce, "Baba, ni kuma me na yi maka?"

"Hannunka ya fi na kowa sanyi. Yalla, yi bismilla."

Na ce a kawo almakashi mana a ɗan rage, ai ya isar. Malam Idi ya girgiza kai. Ya ce alhajin ya yi alwashi tun daga ƙasarsu cewa tas za a aske, in ba haka ba ba zai cire harami ba, ko da ayarinsu zai koma Jidda ya bar shi.

To, ƙuruciya. Na ce a raina ai kai kai ne, na taɓa aske na ƙabilu iri-iri, na Bukhari da na Jawa da na Baturke. Na zaunar da shi, na tsuguna gabansa, na jiƙa sumar. Yatsuna na shiga sai na ji abin da ban taɓa ji ba: tabo a kan tabo, ga wani wuri sama da goshi da ƙashin ya lotsa kamar tsohuwar tasa. Na dai daure, na dafa ƙeyar na sunkuyo da ita.

Kan na yin ƙasa numfashinsa ya sauya. Ya dafa ƙasa da hannu ɗaya, dugadugansa suka tashi, bayansa ya miƙe, ya fara kiran wasu lambobi da Turanci cikin wata murya da ba ita ya gaishe ni da ita ba. Ya ɗago ido, amma wallahi ba ni yake kallo ba. Malam Idi ya yi ihu, "Kauce, wanzam!" Na yar da aska na faɗa gefe. Mutumin nan ya wuce ta inda nake kamar an harbo shi, kwanona ya tarwatse, sai igiyar wata haima, tantin alhazai, ce ta tsayar da shi. Ya juyo a hankali yana duban tabarmar, daidai inda na tashi, yana kiran wani suna. Na ji tsoro ƙwarai.

Bayan ya dawo hayyacinsa muka zauna a inuwa, yana magana Malam Idi na juya mana. Ashe a ƙasarsu akwai wata ƙwallo da ba da ƙafa aka fi yin ta ba. Ƙwallon mai tsini biyu ce, a hannu ake rungume ta. Samari sukan sa hular fata, su jeru sahu biyu suna fuskantar juna a tsugune, kai a ƙasa, wani ya kira lambobi, sai su haɗu da ƙarfin tsiya. Wanda ya tsallake layin ƙarshe da ƙwallon, su suka ci. Abdurrahim yana cikin gwanayen zamaninsa, yara har kwaikwayon gudunsa suke yi a titi.

A wani babban wasa tsakanin makarantu biyu, lokaci ya kusa ƙarewa, aka ba shi ƙwallon. Ya zille wa wannan, ya ture wancan, saura mutum ɗaya a gabansa, ɗan siriri, ya tsuguna yana jiransa. Abdurrahim ya sunkuyar da kai ya bi ta kansa ya wuce layin. Fili ya ɗauka da sowa, aka ɗaga shi a kafaɗa, jaridu suka buga hotonsa, har ranar da yake ba mu labarin ana kiran gudun nan a cikin manyan abubuwan da aka gani a wasan. Shi kuwa ɗan siririn bai sake tashi ba. Tun daga ranar, duk wanda ya tsuguna gabansa ya sunkuyar masa da kai, sai ya koma filin nan.

Na ce, "Malam Idi, tambaye shi, in kansa na sama fa, yana ganin mutumin?"

Suka yi magana. Malam Idi ya ce, "Ya ce tun Arfa yake biye da shi. Yanzu haka yana kan tabarmarka a tsugune. Ba ya komai, jira kawai yake."

Na dubi tabarmata. Babu komai sai kumfar sabulu tana bushewa.

Na ce wa Baba Sanda zan zaunar da shi ya fuskanci alƙibla, kansa a miƙe, ni in tsaya ta baya. Ya ɓata rai ya ce, "Wanzami a bayan mutum da aska? Ba mu gada ba."

Na ce, "Baba, ai gaban da mai shi."

Da wasa na faɗa. Baba Sanda bai yi dariya ba. Ya ce, "Ɗayyib, to shi ke nan. Allah ya tsare."

Na ari kwano, na sake wasa aska, na fara daga dama. Ku da kuka san Mina ranar layya kun san ba a barin wurin ajiye ƙafa. Ana tsallake tabarmi, ana jan raguna, ana ture juna. Amma duk tsawon askin nan babu wanda ya taka rabin tabarmar da ke gaban Abdurrahim. Mutane na zuwa sai su karkace su kewaye, ba tare da sun ko duba ba. Wani mai sayar da ruwa ya taho da salkarsa da sauri, ya zo daf sai ya ja birki, ya dubi wurin ya ce, "Afwan, ya hajji," ya ratse. Askata ta tsaya a hannuna. Na dubi Malam Idi, na ga leɓunansa na motsi da addu'a. Ban san yadda na bi ta kan lotsin nan ban yanke shi ba, ikon Allah ne kawai.

Da na gama, Abdurrahim ya miƙa hannun dama gabansa, ƙasa-ƙasa, ya damƙe. Ya miƙe a hankali yana ja, jijiyoyin damtsensa duk sun fito, irin na mai ɗaga wanda ya faɗi. Ya faɗi wata gajeriyar magana, hawaye na zuba. Malam Idi ya ce, "Ya ce abin da ya so yi ranar wasan ke nan. Ya juya zai ɗaga ɗan siririn, mutane suka sure shi suka yi gaba."

Sannan ya tsuguna gabana da kansa, ya sunkuyar da kai har ƙasa don in zuba masa ruwa. Na zuba. Babu lambobi, babu komai. Kafin ya ɗago wani alhaji ya taka tsakiyar tabarmar ya wuce abinsa.

Ni ba malami ba ne, ban san abin da ya zauna a tabarmata ba, ban kuma tambayi kowa ba. Abin da na koya shi ne, duk wanda ya zo aski a Mina ba gashi kaɗai ya kawo maka ba, akwai abin da ya ɗauko daga ƙasarsu yana son ya ajiye. Salon da ka gada kuwa, komai kyansa, ba kowane kai ne zai ɗauka ba. Tun daga ranar ban sake dafa ƙeyar alhaji ba sai na tambaye shi yadda yake son ya zauna. Kuna yi mini dariya idan na ce ku matsar da kujera ku bar fili a gaban mutum. Ku yi ta dariyarku, amma ku bar filin, don ba ku san da wa ya zo ba.