Daminar da Magagi Bai Yi Shuka Ba

Magagi mutumin Kurfai ne, daga wani ƙauye kusa da Filinge, amma abincinsa a Yamai yake, a ɗakin karatu na jami'a. Idan ɗalibi ya nemi littafin da babu, shi ake aika wa ya aro a wani ɗakin karatu, ya ɗauro a bayan keke, in an gama ya mayar. Tun zamanin soja yake wannan zirga-zirga, har furfura ta fito masa.

Duk damina kuwa, ruwan fari na sauka sai ya ɗauki hutu ya nufi tasha, don gonar ubansa na jiransa. A gidansu, gonar da ba a shuka ba, dangi kan miƙa ta ga mai iya nomawa.

Wata shekara sabon darekta ya ce za a ƙirga aikin kowa, a ga inda ma'aikata suka yi yawa. Yaushe? A tsakiyar damina! Wansa Baushe ya aiko masa: "Ka taho, ƙasa ta jiƙa, ga Ango ɗan baffanmu yana ta zagaya gonarka." Magagi ya ce a yi masa haƙuri bana kawai, kada a ƙirga ba ya nan.

Wayyo, bawan Allah! Ɗaliban da za su nemi littafi ai duk sun tafi hutu, suna can suna taya iyayensu noma. Magagi ya share damina a kan benci, keke jingine da bango, ba a aike shi ba sai jefi-jefi. Da lissafi ya fito, aka ce sashen aro, inda su biyu suke aiki, mutum ɗaya ya ishe shi. Aka bar mai zama a tebur, aka sallami mai keke. Babu wanda ya yi ƙarya, wannan ne ma abin baƙin cikin.

Ya iso gida da kaka. Bai ko ajiye jaka ba ya zarce gona. Hatsi ya yi kyau, wallahi bai taɓa ganin gonar haka ba, kai duk ya sunkuya don nauyi. Ango na tsakiya yana yanka da 'ya'yansa.

Magagi ya tsaya a bakin iyaka kamar baƙo, hawaye na zuba. Da Ango ya ɗago, sai Magagi ya ce masa, "Sannu da aiki."