Marlys da Hoton Jaririyar Dunlap

Babu wanda ya yi firamare a garinmu da Marlys Hovland ba ta taɓa daka masa tsawa ya ɗaga haɓa ba. Shekara da shekaru ita ke ɗaukar hoton 'yan makaranta. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa ba shi da linzami. Mijinta ya daɗe da rasuwa, ya bar mata gida a bakin gonakin masara da wani tsohon kare kurma.

Tana da wani aikin da mutane ba sa son zancensa. In aka haifi jariri babu rai a asibitin gunduma, ko ya zo ya koma, akan kira ta ta ɗauke shi hoto da iyayensa kafin a tafi da shi. Kyauta take yi. Tun tana ƙarama mahaifiyarta ta haifi ɗa namiji babu rai, aka naɗe shi aka fita da shi uwar ba ta ko ga fuskarsa ba, wai don kada abin ya zauna mata a zuciya. Ya kuwa zauna. Har uwar ta tsufa ta rikice tana tare mutane tana tambaya ko yaron yana da gashi. Marlys ba ta taɓa yafe wa masu wannan dabarar ba.

Wani hantsi ana tsakar girbin masara, Bernadette, babbar nas ta ɗakin haihuwa, ta bugo mata waya. Rochelle Dunlap ta haifi 'ya mace, numfashinta bai daɗe ba ya tsaya. Mijin, Tyrel, daga gona aka kira shi.

A ƙofar ɗakin Marlys ta tarar da Gaylene, uwar Tyrel, ta harɗe hannu ta tare hanya.

"Ina za ki da wannan jakar?"

"Inda aka kira ni."

"Ba a ɗaukar hoton gawa a danginmu. Yarinya ce ƙarama, za ta sake haihuwa. A bar ta ta manta."

"Gaylene, ni da na ɗauki 'ya'yanki kaf da majina a hanci, yau ni za ki tare wa ƙofa? Ke kika yi naƙudar?"

Daga ciki aka ji muryar Rochelle a dishe: "Ku bar ta ta shigo."

Marlys ta ture ƙofa da kafaɗa. Tyrel yana tsaye jikin taga da takalmin gona, ya kasa duban gadon. Jaririyar tana ƙirjin uwarta cikin farin bargo, leɓenta ya yi duhu.

"Yaya sunanta?" in ji Marlys.

Rochelle ta fashe da kuka. Tun safe ana shiga ana fita, babu wanda ya yi mata wannan tambayar. "Imogen."

"To, Imogen, bari mu ga kyakkyawar nan. Kai, wannan hanci ai na Tyrel ne, Allah sarki, ba ta yi sa'a ba."

Tyrel ya yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya, ya matso. Marlys ta sa ya wanke hannu ya tallabi ƙafafun 'yarsa, duka biyun ba su cika tafinsa ba. Ta ɗauki kunnen, ta ɗauki yatsun a kan zoben auren uwar, ta ɗauki su ukun goshi da goshi. Ba ta gaggauta kowa ba. Da ta koma gida ta wanke hotunan baƙi da fari, don duhun fatar ya lafa, ta sa mafi kyau a firam.

Ranar jana'iza, bayan an dawo daga maƙabarta, aka taru a zauren ƙasan coci. Mata sun kawo taliya da kifin gwangwani, da burodi da naman alade, ana ta zuba kofi. Rochelle ta kafa hoton a teburin gaba. Marlys ta je ɗebo abinci, ta dawo ta tarar an kifa shi. Ta tayar. Ba a jima ba ta waiga, an sake kifewa, har an ɗora masa farantin biskit.

Nan ranta ya ɓaci. Ta ɗaga farantin ta dangwarar da ƙarfi, cokula suka yi ƙara.

"Wane mai tsabtar ido ne ke kife yarinyar nan?"

Gaylene ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Mutane na cin abinci, Marlys. Akwai yara a nan."

"Au, abincin ne ya tara ku? Na ɗauka ita kuka zo binnewa. Kun ci kun sha da sunanta, amma fuskarta ce ƙazanta?"

"Ki ji tsoron Allah, a coci kike."

"Shi ya halicce ta, bai kuma kau da kai ba."

Tyrel ya miƙe. "Mama, ya isa haka."

Rochelle ta dafa tebur. Ta tashi da ƙyar, ɗinki bai warke ba, ta rungumi firam ɗin ta fara bin tebur tebur. "Wannan ce Imogen," take cewa. "'Yata ce." Wasu suka duba suka yi hawaye. Wani tsohon manomi ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ce lallai hancin 'yan Dunlap ne. Wasu kuwa suka tuna sun bar wuta a kunne a gida.

Marlys ta ɗauka magana ta ƙare a nan. Ashe da saura. Gab da lokacin hoton makaranta, shugaban firamare, Mista Dennis Pruitt, ya kira ta ofis, yana ta gyara abin wuyansa.

"Misis Hovland, kin san muna ganin girmanki. Sai dai wasu iyaye sun kawo kuka. Sun ce hankalinsu bai kwanta ba, kyamarar da ake… wancan aikin da ita, a ce ita za a saita wa 'ya'yansu."

"Mutuwar a gilashin take maƙalewa?"

"Ba haka nake nufi ba."

"Bernadette da ta wanke Imogen, ita ta wanke rabin yaran da ke ihu a filin nan. Ita ma a yanke mata hannu?"

"Ba korarki aka yi ba. Wani kamfani ne daga birni…"

"Dennis, ina da hotonka kana aji biyu, ka jiƙa wando kana kuka. Ban taɓa nuna wa kowa ba. Ashe har yau ba ka bushe ba."

Ta fita ta bar masa ƙofa a buɗe. Aikin makaranta dai ya tafi, bai kuma dawo ba. Babu ko mutum ɗaya cikin iyayen da ya zo ya faɗa mata a fuska, wannan ne ya fi cin ta. A kanti sukan gaishe ta da fara'a, ita kuwa ta dube su ɗaya bayan ɗaya tana auna wanda ya sa baki.

Rochelle ta rataye hoton a falo, saitin ƙofa. Gaylene takan zo cin abincin Lahadi, kullum ta zaɓi kujerar da ke ba shi baya. Da aka haifi ƙanin Imogen bayan shekara biyu, Gaylene ta ce to yanzu sai a sauke wancan hoton. Tyrel ya ɗauko mata rigar sanyinta ya raka ta mota.

Yanzu sanyin ƙashi ya kama yatsun Marlys, kyamara tana rawa a hannunta. Ta nemi wanda zai gaje ta a cikin masu hoton biki na gunduma, kowa ya ce zuciyarsa ba za ta ɗauka ba. Sai ta koma kan nas-nas. Ranar Alhamis takan je asibiti da 'yar tsana naɗe a bargo, ta tara su a ɗakin shan shayi tana koya musu.

"Bernadette, matso kusa! Jaririya ce, ba kura ba. Kashe fitilar saman nan, buɗe labule. Kuma kafin ki taɓa komai, ki gaishe ta."