Na Ce Miliyan Huɗu, Mai Saye Ya Ce Bai Yarda Ba

Jama'a, yau mai saye ya yi mini faɗa don na yi masa araha!

Kun san tsohuwar jif ɗin marigayi Babanmu, wadda na shekara biyu ina gyarawa a garejin Malam Sabo, nan Tudun Wada? To, na sa ta a kasuwa, don in sake wa Inna rufin ɗaki kafin damina. Na yanke miliyan huɗu.

Ɗazu wani dattijo ya sauko daga keke, wai daga Gyallesu yake. Ya tayar da motar, ya kasa kunne. Sai kawai ya cire hula ya shige ƙarƙashinta da farar shaddarsa!

Ya fito ya ce, "Nawa?"

Na faɗa masa.

Ya ce, "Ban saya ba."

Na ce, "To Alhaji, a rage wani abu."

Ai sai ya daka mini tsawa! "Kai, wa ya yanke maka kuɗin nan? Inji na asali ne, ko tsatsa babu a ƙasanta. Tara za ta yi! In na ɗauka a huɗu, me zan gaya wa Allah?"

Malam Sabo har sifana ta suɓuce masa!

Na ce ko bakwai ya bayar na yafe. Ya ce takwas da rabi, kuma sai Inna ta amince da bakinta.

Na kira ta. Da na gaya mata, sai ta ce, "Ba shi wayar."

Wallahi addu'a ta yi ta yi masa har katina ya ƙare!